Babi na Bakwai: Sayen Gida a Saman Bene

A Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, kowa ya san yadda ake sayen gida. A kira mai unguwa da maƙwabta, a zaga iyaka, a ƙirga kuɗi gaban shaidu, mai gida ya ce ya sallama, dillali ya karɓi la'adarsa. Daga ranar ƙasa taka ce, katanga taka, rijiyar tsakar gida ma taka.

To amma mutanenmu sun yi nisa. Cin-rani ya daɗe da kai wasu Legas, suna Agege da Mile 12 da Idi-Araba. Rashin tsaro na shekarun nan kuma ya kori wasu zuwa Funtuwa da Katsina da Zariya. Wanda Allah ya buɗa wa a can, wata rana zai gaji da biyan haya.

Legas ruwa ya matse ta, ga teku ga tafki, saboda haka fili ya yi tsada, gini ya koma sama. Bene ɗaya sai ya ɗauki iyali shida ko fiye, kowa da sashensa, wanda ake kira fulat. Irin su ne Gwamna Lateef Jakande ya gina wa talakawa tsakanin 1979 da 1983 a Amuwo-Odofin da Iponri da Isolo.

Wanda ya sayi fulat a hawa na uku, me ya saya ke nan? Ƙasar da ginin ke kai ba tasa ba ce shi kaɗai. Rufi na kowa ne, matakala ta kowa ce, haka tankin ruwa da masai. In rufi ya yi yoyo, na sama ne zai jiƙe, amma kuɗin gyara har na ƙasa zai biya.

Wani lokaci ana ba mai saye takardar fulat ɗinsa da sunansa. Wani lokaci kuwa ƙungiyar gama kai ce ta mallaki ginin gaba ɗaya, kai hannun jari kawai ka saya a cikinta, shi ne ya ba ka izinin zama. Wannan tsari ya yi ƙarfi ƙwarai a birnin New York na Amurka. A can kwamitin gida sai ya bincika samun mai saye da basussukansa, in bai gamsu ba ya ƙi shi, ko da kuɗinsa a hannu. Kada ka ga tsananinsu. Idan mutum ɗaya ya daina biyan kuɗin wata, nauyin a kan sauran zai faɗa. Haka ranar da za ka sayar, ba kai kaɗai ke da ta cewa ba.

A Najeriya ma akwai ƙungiyoyin gama kai, kuma dokar 1993 ta ce mutum goma sun isa su nemi rajista. Adashi amana ce kawai tsakanin mutane da uwar adashi. Ƙungiya mai rajista kuwa tana iya buɗe asusun banki da sunanta, ta sayi fili da sunanta, ta kai ƙara, a kai ta ƙara. Manoman masara da 'yan kasuwar Sheme da suka saba haɗa kuɗin taki, ba baƙon abu ba ne a gare su.

Akwai kuma Asusun Gidaje na Ƙasa, wato NHF, wanda aka kafa a 1992 a hannun bankin FMBN. Ma'aikacin da ke cikin asusun ana cire masa naira biyu da rabi cikin kowace ɗari ta albashinsa. Mai sana'ar hannu ma yana iya shiga. Bashin asusun yana kaiwa shekara 30 ana biya, da ruwa na kashi 6 cikin ɗari. Wanda ke gudun riba ya tambayi malamai, ya kuma leƙa bankunan da ba sa cin ruwa, kamar Jaiz da TAJ.

Yanzu sai takarda, don ba a cinikin biri a sama. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filayen kowace jiha a hannun gwamna. Takardar da yake bayarwa ita ake kira C of O, kuma sayar da filin da ke da ita sai da amincewarsa. Ka nemi ganin ta ginin, ka sa lauya ya duba a ofishin filaye ko an jinginar da shi ga banki. Ka nemi takardar rajistar ƙungiya da kundin dokokinta, a karanta maka sashen da ya faɗi abin da zai faru in ka kasa biya, da yadda magada za su ci gadonka. Daɗewa a wuri kaɗai ba ta isa ba: mutanen Maroko, kusa da Victoria Island a Legas, sun shekara da shekaru a gidajensu, amma a Yulin 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta rushe unguwar cikin 'yan kwanaki.

Gidan bakin teku da damina ake duba shi. Ka je a watan Yuni ko Yuli, lokacin da titunan Lekki ke cika da ruwa. Ka dubi gindin bango ko akwai shatin ambaliya, ka ɗanɗani ruwan famfo ko da gishiri, ka duba ƙarafan taga, don iskar teku tana cin ƙarfe. Mazauna hawan ƙasa sun fi dillali faɗin gaskiya.

Kuɗi kuwa a asusun ƙungiya ake zubawa, ba na ma'aji ba, ko da surukinka ne. Kowane biya da rasit. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba ka karanta ba.

Ga aikin allo: mutum 12 suna zuba naira 25,000 kowane wata. Nawa suka tara a shekara? In gyaran rufi ya ci naira 600,000, nawa ne kason kowa? In biyu sun ƙi biya, nawa zai hau kan kowane ɗaya cikin goman da suka rage?