Amshi Ba Karatu Ba Ne

Duk wanda ya bi ta gefen makarantar firamare da hantsi, a Pankshin ne ko a Kafanchan, ya san wannan sauti: malama ta faɗi jimla, aji ya amsa da murya ɗaya. Iyaye kan ji haka hankalinsu ya kwanta, su ce karatu na tafiya. Sau da yawa kuwa ba haka ba ne.

Ranar ɗan firamare takan fara da shara da taron safe, sai kiran suna, sa'an nan darussa bisa ga jadawali. A ƙananan azuzuwa, amshi ne ke cinye yawancin lokaci. Yana da amfaninsa, gama yakan saba wa harshe da furta sababbin kalmomi, ya kuma ba mai jin kunya ƙarfin buɗe baki. Amma a cikin amshi ne yaron da bai gane ba yake ɓuya. Yana iya motsa leɓɓa shekara uku cur, alhali bai iya bambanta "b" da "d" ba.

Abin da ke tona wannan asiri shi ne shifta. Malama ta faɗi kalmomi biyar, kowa ya rubuta shi kaɗai, ba maƙwabcin da zai jingina da shi. Abin takaici, shifta ce aka fi saurin yasarwa inda aji ya cika maƙil, domin duba littattafai ɗaya bayan ɗaya aiki ne mai cin rai.

Haka yake a lissafi. Akwai yaron da zai rera "bakwai sau takwas, hamsin da shida" ba tuntuɓe, amma a ba shi ƙwayar gyaɗa 56 ya raba wa mutum 7, sai ya tsaya yana kallo. Saboda haka, idan malama ta ce a zo da marafan kwalba ko tsakuwa, kada uwa ta ɗauka wasa ne ta zubar. Da su ne hannu yake koya wa kai abin da baki ya haddace.

Sai batun harshe. Yaro yana jin Ngas ko Jju a gida, Hausa a ikilisiya da kasuwa, Turanci kuma a aji. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyarwa da harshen uwa ko na yankin. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida, kuma ba su koma baya a Turanci ba. A 2025 dai Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar komawa ga Turanci, wanda ke nufin bayani da harshen gida ya ƙara rataya a wuyan iyaye.

Gwajin ba wuya. A lokacin addu'ar iyali da yamma, uba ya buɗe Littafi Mai Tsarki a wurin da yaron bai haddace ba, ya ɗora yatsa a kan kalma guda a tsakiyar aya, ya ce a karanta. In yaron ya kasa, ba bulala ake nema ba. Gobe da safe a je a ga malamarsa, da littafin rubutunsa a hannu.