Tsohon gida dukiya ne

Ɗan'uwa mai karatu, ka taɓa tsayawa ka dubi zauren gidanku da kyau? Dubi kaurin bango. Ɗaga kai ka dubi azara. Kakanninka sunka gina shi da tubali da laka, ba siminti, ba kwano. In bazara ta yi zafi a Dogon Dutsi ko Tibiri, ina kake samun sanyi? Cikin zauren nan ne.

Yau mutane da yawa suna rushe irin wanga gini. Wai ya tsufa. Amma abin da anka rushe ba ya dawowa. Zanen bango ya tafi, hikimar magini ta bi shi.

Ka san fadar Zarmakoy ta Doso? An gina ta a 1904. A 2006 ƙasarmu ta miƙa sunanta ga UNESCO, hukumar duniya mai kula da ilimi da al'adu. An miƙa har da sunan Lugu, garin Sarauniya, nan cikin Arewa. A 2013 hukumar ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihi na duniya, shi ma ginin ƙasa ne. Tun 1997 Nijar ta kafa dokar kare kayan gado.

To, amma doka ba ta yaɓe. Gidanku, kai ne mai tsaron shi. Ga abin da za ka yi:

1. Kafin damina, ka hau soro ka toshe duk wata tsaga.
2. Ka share indararo, don ruwa shi zuba nesa da bango.
3. Ka sake yaɓe da laka mai haɗe da ciyawa.
4. Kada ka shafe bangon ƙasa da siminti. Danshi shina ɓuya a ciki, bango shi ruɓe ba ka sani ba.
5. Ka duba azara saboda gara.

In kana bukatar sabon ɗaki, gina shi a gefe, ka bar tsohon. Ka tambayi tsofaffi wa ya gina shi, a zamanin wane sarki. Tunda yanzu ka iya rubutu, rubuta amsar a littafinka, ka aje ma ƴaƴanka.

Tambayoyi

1. A wace shekara anka gina fadar Doso?
2. Don mi ba a shafe bangon ƙasa da siminti?
3. Wane gini ya fi tsufa a garinku? Rubuta layi 3 a kansa.