Kimiyya a Garejin Makaniki: Sauya Wayoyin Batirin Mota

Sau da yawa direban a-kori-kura kan murɗa makulli da safe, sai ya ji "ƙas-ƙas", inji ya ƙi tashi. Nan take sai ya ɗora wa batir laifi, alhali kuwa wani lokaci cutar tana jikin wayoyi biyun nan masu kauri da ke kansa.

Batirin mota, wanda Gaston Planté na Faransa ya ƙirƙiro irinsa a 1859, yana da ɗakuna 6 masu ɗauke da farantan dalma cikin ruwan asid. Kowane ɗaki na ba da kimanin bolt 2, jimilla 12. Jar waya mai alamar (+) tana zuwa ga sitata, baƙar kuwa mai alamar (–) an ɗaure ta ne a gangar jikin mota. Da haka ƙarfen motar kansa ya zama hanyar da wuta ke bi ta kammala zagayenta.

Idan tiririn asid ya ci jan ƙarfen waya, akan ga wani gari fari ko kore a bakinta. Wannan tsatsa tana ƙara turjiya. A 1827 Georg Ohm na Jamus ya nuna cewa bolt ɗin da ke salwanta a waya daidai yake da yawan wuta sau turjiya. Mu ɗauka sitata ta ja amfiya 200, turjiyar kuma om 0.01 ce kacal: 200 × 0.01 = 2. Ke nan bolt 2 sun tafi a banza, sun zama zafi. Shi ya sa ruɓaɓɓiyar waya ke ɗumi.

Ga yadda ake sauyawa:

1. A kashe inji, a zare makulli, a tuɓe zobe da agogon hannu.
2. A fara kwance baƙar waya, sannan ja.
3. A wanke kan batir da ruwan kanwa, domin kanwa na kashe kaifin asid. Kada ya shiga cikin batir.
4. A kawo sabuwar waya wadda kaurinta bai gaza na tsohuwar ba.
5. A fara ɗaura ja, a ƙare da baƙa, a matse sosai, a shafa giris.

Me ya sa baƙa ce farkon kwancewa? Muddin tana ɗaure, idan sifana ta haɗa kan (+) da jikin mota, wuta za ta bi ta cikinta da tartsatsi. Batir kuwa yana fitar da iskar haidurojin mai saurin kamawa, har yana iya fashewa ya watsa wa mutum asid a ido. Rigakafi dai ya fi magani.

Aikin ɗalibi: idan turjiyar ta kai om 0.02, bolt nawa za su rage wa sitata daga cikin 12? Malamai su tattauna amsar a aji.