Kada Ka Yi Saurin Sallamar Yaron Nan

Ɗana, na ji kana shirin mayar da yaron nan mai koyon ɗinki wurin iyayensa, wai kansa ba ya ja, ga wanda suka zo tare har ya fara ɗora aljihu. Dakata tukuna.

A farkon koyon sana'a, ƙwaƙwalwa ce ke ɗaukar nauyin, hannu bin ta kawai yake yi. Yaro na kan keke yana tuna hanyar zare, yana lura da ƙafa, yana tsoron allura, ga faɗanka a kunnensa. Dole mai saurin ganewa ya yi gaba a wannan lokaci. Sai dai tafiyar da sauranta.

A 1954, Edwin Fleishman da Walter Hempel, masu yi wa rundunar sojan saman Amurka bincike, sun sa mutane maimaita wani aiki na sarrafa sanda da hannu da taka feda da ƙafa, irin na matuƙin jirgi. Da fari, masu iya hango abu a zuci su ne kan gaba. Da aka yi ta maimaitawa, sai tasirin wannan basirar ya ragu, saurin motsi da sabo da aikin kansa suka karɓi ragama. Ka ga kenan gwanin makon farko ba lallai ne ya zama gwanin baɗi ba.

Hannu ma yana da nasa ma'ajin. Akwai wani Ba'amurke, Henry Molaison, da aka yi wa aikin ƙwaƙwalwa a 1953 saboda farfaɗiya, daga nan ya daina riƙe sabon abu. Brenda Milner ta sa shi bin zanen tauraro yana kallon hannunsa ta madubi. Kowace rana aikinsa na ƙara kyau, alhali bai tuna ya taɓa yi ba. Ikon Allah!

Ban ce basira ba ta da rana ba. Miƙaƙƙen ɗinki abu guda ne kullum, sabo na iya cinye shi. Amma awo da yanka, inda kowane mai kaya ke zuwa da nasa jikin da nasa son ran, nan kai ba ya hutawa har tsufa. Wannan kam sai ka zauna da yaron, ka riƙa faɗa masa dalilin kowane yanka.

Kuma ka rage masa wunin nan a kan keke. A Ingila an koya wa ma'aikatan gidan waya buga rubutu da na'ura, aka wallafa sakamakon a 1978: masu yin awa ɗaya a rana sun ƙware cikin jimillar awoyi kaɗan fiye da masu yin awa huɗu. Ba shi tsumma ya yi ta bin layi, umarni ɗaya a lokaci ɗaya, in ya gaji ya tashi ya kama guga. Bayan ƙaramar salla ka kawo mini ɗinkinsa in gani.