Tukunyar Tururi da Hikimar Raba Wuta da Zafi

Da wuya a sami Bakanon da zai kafa na'urar ɗumama ɗakuna a gidansa, tun da sanyin hunturu bai cika wuce Disamba zuwa Fabrairu ba. Amma fasahar da mutanen Turai ke ɗumama gidajensu da ita ba baƙuwa ba ce a Kano. Ta daɗe tana aiki a masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, sai dai ba don jin ɗumin mutane ba.

Asalin hikimar shi ne a tsare wuta wuri guda, a aika da zafinta inda ake bukata. A gida irin na Ingila, inda Angier Perkins ya yi rajistar tsarinsa na bututun ruwan zafi a 1831, tukunya ɗaya ce ke ƙona gas ko mai, ta zafafa ruwa zuwa digiri 60 ko 80. Daga nan famfo ya tura ruwan cikin bututu zuwa wasu faffaɗan ƙarafa da ke jikin bangon kowane ɗaki. Ƙarfen ya ɗumama iska, ruwan ya huce, ya koma tukunya. Watau ruwa ɗaya ne ke ta kewayawa. Idan ɗumi ya kai yadda ake so, ma'aunin zafi ya kashe wutar da kansa; hayaƙi kuwa ta wata kafa dabam yake fita waje.

A masana'anta tururi ake aikawa maimakon ruwa, kuma da dalili. Zafin da kilo ɗaya na tafasasshen ruwa ke sha kafin ya zama tururi ya ninka wanda ke kai ruwa daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa fiye da sau biyar, kuma duk zafin nan yake saki idan ya koma ruwa. Da shi masaƙu suka riƙa rini da busar da yadi, kafin yawancinsu su durƙushe daga shekarun 1990. Majemu kuma suna samun ruwan ɗumi ta wannan hanya. Baƙin mai aka fi ƙonawa, irin wanda matatar Kaduna, da aka buɗe a 1980, ta riƙa fitarwa. Aikin ba na wasa ba ne: ruwa kan kumbura kusan sau 1,600 idan ya zama tururi, don haka tukunyar da mashaƙarta ta toshe tana iya tarwatsewa.

A cikin gari kuwa, har yanzu akan shiga ɗaki da kaskon garwashi a daren hunturu, a rufe ƙofa da taga. Gawayin da bai sami isasshiyar iska ba yana fitar da wata guba marar launi, marar wari, wadda ke hana jini ɗaukar iskar numfashi. Mai barci ba ya jin zuwanta, kuma takan kashe mutanen ɗaki gaba ɗaya kafin asuba.