Amsoshin Tambayoyinku: MP3 ko FLAC?

 Wasiƙarmu ta farko daga wani bawan Allah take a Damagaram. Ya ce ya sayi albam a intanet, sai aka ba shi zaɓi, ko MP3 ko FLAC. Wanne zai sauke?

To Malam, ga yadda abin yake. Waƙar da ke kan faifan CD takan ci kusan megabait 10 a minti ɗaya. Don rage wannan nauyi ne masana a cibiyar Fraunhofer ta Jamus suka jagoranci samar da MP3, wanda ke zubar da sautukan da kunne bai cika kamawa ba. MP3 mai lamba 128 (lambar da ke nuna ingancinsa) bai wuce megabait 1 a minti ba, amma abin da aka zubar ya tafi ke nan. Kasa kunne ga kuge ko shantu, za ka ji amon ya dushe. Shi kuwa FLAC, da ya fito a 2001, matse waƙar kawai yake yi, kamar an danne auduga a buhu. In an kwance, ko tsinke bai ɓata ba, kuma wurin da yake ci wajen rabin na CD ne.

Tunda kuɗinka ka biya, sauke FLAC ka adana a kwamfuta. Daga gare shi sai ka fitar da MP3 mai lamba 320 ka zuba a waya. A lasifikar waya ba za ka ji bambanci ba. Ko masu manyan kayan sauti da ƙyar suke rarrabe 320 da FLAC.

Sai wata Hajiya daga Kano. Ta ce mai tura waƙoƙi ya yi mata alkawarin mayar da tsofaffin waƙoƙin Shata da ke memorinta zuwa FLAC, wai don su fita garau. Hajiya, kada ki ba da ko kwabo. Sautin da MP3 ya zubar ba ya dawowa, memorin ne kawai zai cika.

Wannan batu yana damuna matuƙa. Yawancin waɗannan waƙoƙi daga kaset aka kwaso su, aka matse, aka sake matsewa har muryar ta shaƙe. Don Allah duk mai kaset na asali a gida, ya kai a kwafe masa a FLAC tun zaren bai tsinke ba.