Yadda Ake Gane Baƙuwar Ƙwayar Cuta a Huhu

Malama daga Zariya, kin tambayi yadda ake gano baƙin ƙwayoyin bakteriya a huhun masu sistik faibrosis. To, ciwon gado ne, ya fi kama Turawa. Majina ce ke kauri ta toshe hanyoyin iska, ƙwayoyi su samu mafaka.

Akan shuka kakin majiyyaci a faranti, a jira 'yan kwanaki. Ƙwayar Pseudomonas ba ta ɓuya, takan fito da yauƙi ko launin kore. Masu wuyar sha'ani su ne dangin Burkholderia, sau da yawa sai an karanta ƙwayoyin halittarsu, irin su 16S, an kwatanta da sanannu. Irin wannan bincike ne ya fito da sabon jinsin bakteriya mai suna Pandoraea a 2000.

Kuskure a nan ba wasa ba ne, domin mai ɗauke da Burkholderia raba shi ake yi da sauran masu ciwon, kada ya shafa musu.